Wasiƙa Daga Almeriya, Inda Ake Ba Tumatir Ruwa Da Ɗigo

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da su Baffa, da iyalinka baki ɗaya. Ni ma lafiya ƙalau, sai kewar gida.

Saƙon muryar da ka turo daren Juma'a sau uku na saurare shi. Ka ce Auta ya matsa lamba sai an sayar da gonarsa ta bakin kanal ya haɗa kuɗin hanya ya biyo ni, kuma ka ce in gaya maka gaskiyar wurin nan kafin ku yanke magana. Wannan ba zancen waya ba ne, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta masa a gaban Inna, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Na san abin da yake zuwa muku a rai in an ce Turai: ciyawa shar, yayyafi kullum. Nan ba haka yake ba. Almeriya lardi ne a kusurwar kudu maso gabashin Sifaniya, cikin yankin Andalus, ya kwanta a bakin Bahar Rum da gaɓar da ta haura kilomita 200. Faɗinsa murabba'in kilomita 8,774, bai kai rabin jihar Kano ba. Ranar da mota ta fara shigowa da ni, na leƙa ta taga na ga duwatsu tsirara, ƙasa fari-fat, ƙaya, da wata ciyawa mai tauri da suke kira esparto wadda suke saƙa igiya da tabarma da ita kamar yadda muke yi da kaba, sai na ji kamar hanyar Agadas aka mayar da ni. Akwai ma hamada sosai a tsakiyar lardin, Tabernas, inda aka ɗauki da yawa daga cikin finafinan kaboyin da ake nunawa a da. Ruwan saman da ke sauka a bakin teku duk shekara wajen milimita 200 ne. Kano tana samun kusan ninki huɗu na wannan. Ɗan abin da ake samu ma da sanyi yake zuwa, daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da ku kuke cikin rani. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta kuwa da wuya ka ga ɗigo. Kogunansu suna ne kawai, yashi ne da duwatsu har mota take bi ta ciki, sai ran da aka yi ruwa mai ƙarfi dare ɗaya su cika su kwashe duk abin da suka tarar. A bayanmu akwai manyan duwatsu, na Gador ya haura mita 2,000, kuma da sanyi kana tsaye cikin rana a gona kana hango ƙanƙara fari sol a kan tsaunuka. Ruwan da ke tsiyayewa daga can ya shige ƙarƙashin ƙasa, shi ne rijiyoyin nan suke sha. Sai iska. Wata daga yamma, wata daga gabas, in ta tashi kwana uku ba ta kwanta ba, har ta yage rufin gona.

Mutanen lardin kaf, har da mu baƙi, wajen dubu 750 ne, alhali tun ƙidayar 2006 jiharmu ta haura miliyan 9. Kusan kowa ya gangaro bakin teku. Babban birnin, shi ma Almeriya, yana da kimanin dubu 200, Roketas ta haura dubu 100, El Ehido na bin bayanta, mu kuma a ƙaramar hukumar Nihar mun ɗan haura dubu 30, kuma kusan rabinmu baƙi ne. Ƙananan hukumomi 103 ne a lardin, amma cikinsu akwai irin su Benitagla da mutanenta ba su kai 100 ba. Na taɓa zuwa tsinkar zaitun a wani ƙauye na kan dutse, na yi mako biyu ban ji kukan jariri ba. Gidaje masu kyau a kulle, makaranta an rufe, tsofaffi ne zaune a bakin coci suna shan hantsi. Mai burodi da mota yake zuwa ya yi oda, likita ma wasu ranaku yake leƙowa. Na tuna ƙofar gidanmu da la'asar, yadda ba ka iya wucewa da babur sai ka kori yara, sai na ji wani irin tausayin tsofaffin nan.

A lardin duka, cikin mutum biyar ɗaya baƙo ne. 'Yan Maroko ne suka fi yawa, don ƙasarsu tana tsallaken ruwa, jirgin ruwa yana tashi daga nan zuwa Nador da Meliya da Aljeriya. Akwai 'yan Romaniya, da Senegal, da Mali, da Gana. Hausawa ba mu da yawa, 'yan Nijar ne da 'yan zangon Gana, sai mu ɗaiɗaiku. Akwai kuma tsofaffin Ingila da suka yi ritaya suka zo suka sayi gidaje a kwarin Almansora don su sha rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki, tsohuwar mai gonar da nake wa aiki ce ta ba ni labarinsa, wata rana muna zaɓar iri. Ta ce lokacin tana yarinya nan yana cikin lardunan da suka fi ko'ina talauci a Sifaniya. Awaki ne, da yankan esparto, da inabin da ake zubawa a ganga a kai waje, da haƙar darma a duwatsun Gador har ta ƙare. Kakanninsu ci-rani suke tafiya Oran ta Aljeriya da Ajantina, 'yan'uwanta maza kuma Basalona da Jamus suka tafi leburanci. Ta ce uwarta ma haka take zama jiran wasiƙa kamar yadda Inna take jiran wayata. Abin ya fara sauyawa ne da hukuma ta haƙa rijiyoyi ta gina ƙauyukan manoma, ciki har da San Isidro inda nake zaune, sannan aka gano dabarar shimfiɗa taki a kan ƙasa a rufe shi da yashi don ya riƙe laima ya rage gishiri. A 1963 aka kafa rumfar leda ta farko a Roketas. Yau rumfunan sun haura hekta dubu 30. In ka hau dutse ka dubo ƙasa ba ka bambance inda leda ta ƙare da inda teku ta fara, su da kansu tekun leda suke kiran wurin. Sama da tan miliyan 3 na kayan lambu ke fita duk shekara: tattasai, tumatir, kokwamba, yalo, kankana, da wata doguwar kabewa ƙarama. Kusan kashi uku cikin huɗu waje ake kaiwa, Jamus ce babbar mai saye. Kuma yawancin gonakin na iyali ne, hekta biyu, hekta uku.

To ga inda nake so Auta ya buɗe kunne, maganar ruwa. Mu a Kadawa in an saki ruwan Tiga, bututu muke jefawa mu cika fangali har ya tumbatsa, ragowar ya malale kan hanya ya zama taɓo, ba wanda ya damu. Nan kowane tushen tumatir akwai siririn baƙin tiyo da ya bi ta gindinsa, da ɗan rami da ke ɗigo. Na'ura ce ke auna minti nawa za a ba shi, ita ke dama taki a cikin ruwan, mai gona yana iya kunna ta daga wayarsa. Kowace rumfa tana da tafkinta a gefe, wasu har ruwan saman da ya zubo daga rufi suke tarawa a ciki. Ruwan da mita yake zuwa, kuɗinsa ake biya kamar man fetur. Sun zuƙi na ƙarƙashin ƙasa har ya ja baya, ruwan teku ya fara kutsowa rijiyoyi, shi ya sa a 2005 aka buɗe wata babbar matata a Karboneras da ke cire gishiri daga ruwan teku, kubik mita dubu 120 a rana in tana aiki da ƙarfinta. Mu a Nihar da shi ake gauraya na rijiya. Na zauna na yi lissafi: abin da Tiga ke riƙewa in ta cika ya fi abin da matatar nan za ta tace cikin shekara 30. Kuma namu ruwan daɗi ne, da kansa yake gangarowa ta kanal tun zamanin Audu Bako, ba wuta ba inji. Na nuna wa mai gonarmu hoton gonar Auta a waya, ruwa na gudu a gefenta. Ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni nawa muke biyan kubik mita ɗaya na ruwa. Da na ce ba a aunawa, kuɗin kaka ne kawai ake biya, bai yarda ba sai da na rantse.

Ka tuna sharon, tsutsar da ta cinye mana tumatir a 2016 har kwando ya gagari mai gida? Nan ta riga mu zuwa, tun 2006 ta shigo Sifaniya daga Kudancin Amurka, kuma har yau tana nan. Amma ba ta cinye gona. Tagogin rumfa duk raga ce, ƙofa biyu ce, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu, ga tarkuna rataye. Abin da zai ba ka mamaki, ƙwaro ake saya da kuɗi a cikin kwalba a saki a gona, shi ke cin ƙwan tsutsar. Da can su ma feshi suke yi ba ji ba gani kamar mu, sai a ƙarshen 2006 Jamus ta gano haramtaccen magani a jikin tattasansu, kasuwa ta nemi rufewa, dole ta sa suka koma wa ƙwari. Barbarar fure kuma wani irin ƙudan zuma mai ƙiba ne ke yi, a kwali ake kawo shi. In zafi ya taho sai a shafe rufin da farar ƙasa don rana ta ragu. Duk da haka cikin rumfa yana haura digiri 40, da asuba muke shiga, kafin azahar riga ta jiƙe kamar an tsamo ta daga kogi.

Inda suka yi mana nisa na gaske kuwa shi ne bayan an tsinka. A kwandon roba mai faɗi muke zubawa, ba a cika shi, kuma in an ɗora wani a kan wani bakin kwandon ne ke ɗaukar nauyin, tumatir ɗin ba ya jin komai. Kafin yamma an kai shi rumbun ƙungiyar manoma, mata suna tsaye suna ware shi girma-girma da launi-launi, a manna masa lambar da za ta nuna gonar da ya fito. Tirela mai firji ta ɗauka, kwana biyu zuwa uku yana kanti a Jamus, tafiyar da ta haura kilomita 2,000, ko ɗaya bai fashe ba. Sai in tuna Kwanar Gafan: kwandon kaba a cike taf, a jera su hawa-hawa a bayan mota cikin rana, kafin a kai kasuwar Mile 12 ta Legas na ƙasa ya zama ruwa yana tsiyaya a titi. In kuma kaya ya yi yawa a watan Maris, sai mu yanka mu shanya kauɗa a ƙasa a bakin hanya, ƙura da awaki suna bi ta kai. Wanda ba ya cikin ƙungiya a nan gwanjo yake kaiwa, kuma gwanjon nasu daga sama yake farawa yana saukowa, wanda ya fara tsayar da shi ya saya. Farashin kowace rana yana fitowa a waya, kowa yana gani, ba dillalin da zai raɗa wa mai saye wani abu a kunne ya dawo ya gaya maka wani.

Kada ka ɗauka manomin nan ba ya kuka. Yawancinsu bashin banki ne a wuyansu, leda sai an sauya ta bayan shekara uku ko makamancin haka, iri da tsada, ruwa da tsada. Akwai makon da kokwamba ta faɗi har muka loda ta aka kai wa awaki. Abin da ya sayar da rahusa sai ka gan shi a kanti ya ninka sau uku. Tsohuwar leda kuma ta cika busassun koguna, iska na kai ta teku. Sannan, Yaya, tumatir ɗin da ake yi don tafiya mai nisa fata ce mai kauri da ruwa, in ka yi miya da shi sai ka ƙara na gwangwani. Namu ya fi shi ɗanɗano nesa ba kusa ba. Suna da wani mai tsaga-tsaga da suke kira raf, ruwan gishiri-gishiri ne ke sa shi zaƙi, amma wannan na masu kuɗi ne.

Ka tambayi cefane. Ba mudu ba tiya, komai kilo ne da lita, farashi a rubuce, ba tayi ba ragi ba gyara. Madara lita ɗaya ba ta kai yuro ɗaya ba a manyan kantuna irin su Mercadona ko Lidl, dogon burodi ma haka. Kaza, ƙwai, taliya, shinkafa da dankalin turawa duk da sauƙi in ka auna da abin da ake samu a rana. Kuma abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki, ba garin da aka haɗa da wani abu, ba man da aka tsarma. Na sayi ƙaramin firji ya lalace bayan wata takwas, na koma da rasit suka gyara ban biya ko sisi ba, don doka ta ba sabon kaya garantin shekara uku. Sai dai dole ka iya karanta jikin kaya, alade yana shiga inda ba ka zata ba. Nama wurin mahautan Maroko muke saye, na rago kuwa sai da wani dalili. Ragon layya ma ba ka yanka shi a ƙofar gida, ta hannun mahauci ake bi a kai mayanka. Kifin teku akwai shi sabo daga Adra da Garuca da Karboneras, sardin da araha, amma har yau bakina tarwada yake nema. Ruwan famfo ba ya ɗaukewa, sai dai ɗanɗanonsa nauyi gare shi, yawanci na jarka muke saye mu sha. Gas tukunya mai ruwan lemo ce, kilo 12 da rabi, gwamnati ce ke ƙayyade kuɗinta. Kantuna da yawa suna rufewa daga ƙarfe biyu zuwa biyar, ranar Lahadi kuma manyan a kulle suke. Kasuwar mako-mako ce kawai ke tuna mini da gida, can ne ake ɗaga murya ana kiran mai saye.

Abin da ke da tsada shi ne duk abin da hannun mutum zai yi maka. Aski kusan yuro 10. Tela, mai gyaran takalmi, bakanike, in ka ji kuɗin gyara sai ka gwammace sayen sabo, shi ya sa ake ajiye kujeru da talabijin masu rai a gefen bola. Abincinmu kuma zinariya ne. Kuɓewa da doya da manja sai kantin 'yan Senegal ko 'yan Gana, doya guda tana iya cin kuɗin aikin awa biyu. Gero a ɗan ƙaramin ƙunshi ake sayar da shi, ko a wurin masu abincin tsuntsaye. Tuwo da garin semolina muke tuƙa shi. 'Yan Mali suna kawo irin daddawarsu, ita muke lallaɓawa da ita. Ba kuma mai kantin da zai rubuta ka a littafi zuwa ƙarshen wata, in ba wani Balaraben da ya san fuskarka ba.

Wuta tun da na zo sau ɗaya na ga an ɗauke ta da gaske, ranar 28 ga Afrilu 2025, da ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal gaba ɗaya. Mu nan ba ta dawo ba sai washegari. Ranar na ga yadda rayuwarsu duka take rataye da waya ɗaya: na'urar ban ruwa ta tsaya, katin banki ya daina aiki, layin waya ya mutu, mutane ba tsabar kuɗi a aljihu, ba janareto ba fitila. Amma kuɗin wutar yana zuwa duk wata ba fashi, kuma da sanyi yana cizo, don gidajen nan ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, ga laimar teku tana shiga ƙashi fiye da hunturunmu. Hanyoyi lafiya lau, ba rami ba shinge, motar haya tana tashi a kan lokacinta ko da mutum uku ne a ciki. Sai dai ba ta shiga tsakanin gonaki, ba kuma ɗan acaɓa. Keke ne abin hawanmu, cikin duhun asuba, a hanyoyin da ba fitila, manyan motoci suna wucewa. An kaɗe mutane da yawa a haka.

Asibiti shi ne abin da in na tuna Baba nake jin ƙwalla. Wani ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya ciwon ciki ya murɗe shi da tsakar dare, na kira 112, motar asibiti ta zo, kafin gari ya waye an yi masa aiki. Ba wanda ya ce a ajiye kuɗi, ba wanda ya miƙo mana takarda mu je mu sayo safar hannu da ruwan ƙari da zare, kamar yadda muka riƙa zarya da kai a daren nan da ka sani. A lokacin ma ba shi da takardar zama. In kana da katin asibiti kana da likitanka, magani kuma wani kaso kake biya. Amma ganin babban likita sai ka jira watanni, haƙori yawanci da kuɗinka ne, kemis ba zai ba ka maganin kashe ƙwayar cuta ba sai da rubutun likita, kuma in ba ka jin yarensu ba mai yi maka tafinta. Makaranta kyauta ce kuma dole ce daga shekara 6 zuwa 16, har ga ɗan wanda ba shi da takarda.

Duk wannan da na lissafa, Yaya, ƙofarsa guda ce, kuma a nan ne hangen Dala ya bambanta da shiga birni. Sai an rubuta sunanka a rajistar mazauna gari, abin da suke kira padron. Rajistar tana son adireshi. Mai gida ba ya ba da haya sai ya ga takardar albashi. Takardar albashi sai mai izinin aiki. Izinin kuma sai ka nuna ka zauna a ƙasar, da shekara uku ne, daga Mayun 2025 aka mayar da shi biyu, kuma babbar shaidar zaman ita ce rajistar nan. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Har akwai marasa tsoron Allah da ke sayar wa baƙo adireshi da kwantiragin ƙarya da kuɗin da ya fi na gonar Auta.

Ban taɓa gaya muku ba don kada hankalin Inna ya tashi, amma yau zan faɗa. Wata goma sha huɗu na yi a bukkar katako da tsohuwar ledar gona, a wani sansani a tsakiyar rumfuna. Ba famfo, ba makewayi, jarka nake ɗaurawa a keke in je ɗibar ruwa. Da rani ledar tana gasa mutum, da sanyi raɓa tana ɗiga a kan bargo. Wutar sata ake ja da siraran wayoyi, gobara ta tashi fiye da sau ɗaya a irin waɗannan wurare, mutane suka rasa komai har da takardun shaidar zaman da suka shekara suna tarawa. Dubban mutane ne ke zaune haka a Nihar. Wani sansanin da ake kira Walili, mai mutum ɗaruruwa, an rushe shi ranar 30 ga Janairu 2023. Da asuba muke tsayawa a shataletale, mai gona ya zo da mota ya nuna wanda yake so da yatsa. Na yi wa wani aiki kwana goma sha ɗaya ya biya ni na bakwai, ban da inda zan kai ƙara. Mafi ƙarancin albashi a doka a 2025 yuro 1,184 ne a wata, sau 14 a shekara, amma wanda ba shi da takarda abin da aka miƙo masa shi ne nasa. Akwai mutanen kirki a cikinsu, tsohuwar nan da ɗanta su suka tsaya mini har na sami takarda, ga 'yan agaji da ke koyar da yare kyauta. Akwai kuma wanda in ka zauna kusa da shi a mota zai tashi. 'Yan Marokon da suka daɗe har yau suna maganar Fabrairun 2000, da aka yi kwanaki ana ƙona shagunansu da wuraren kwanansu a El Ehido bayan wasu kashe-kashe.

Yanzu alhamdu lillahi ina da ɗaki, mu huɗu a gida. Amma Auta yana jin yuro dubu sai ya buga da canjin naira a waya. Bai cire haya ba, da wuta, da abinci, da watannin Yuli da Agusta da ake tuge shuka aiki ya tsaya cak. Abin da nake turo muku shi ne abin da ya rage bayan na hana kaina nama. Kuma shekara huɗu na yi kafin na fara turo shi a kai a kai. Ban ma yi maganar hanya ba. Jiragen ceto suna shigowa tashar ruwan Almeriya da waɗanda aka tsamo, a maƙabartun garuruwan gaɓar nan kuma akwai kaburburan da ba suna a jikinsu. Kowannensu akwai uwar da take jiran waya.

Ranar da ba aiki nakan hau ganuwar Alkasaba a cikin birni, wadda Abdurrahman na Uku ya sa aka gina a 955, lokacin garin yana hannun Musulmi, kafin ya fita a 1489. A ƙasanta akwai wata coci da har yau mihrabin tsohon masallacin Juma'a yake jikin bangonta. Mu kuwa a wani tsohon garejin mota muke salla, an shimfiɗa darduma, kiran sallar ba ya fita waje. Shekara shida rabona da in ji ladan da asuba daga kan gado.

Don haka ga abin da nake roƙo. Kada a sayar da gonar nan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, balle gonar da ruwa ke wucewa ta gefenta. In an gama kakar tattasai zan turo kuɗi daban da na cefanen Inna. A saya wa Auta kwandon roba guda 40, irin mai ɗaukar kilo 25, ana samunsu a Kano. A sayi raga a rufe wurin renon iri tun daga ranar da aka zuba shi. A ware kwata ɗaya na gonar a ja tiyon ɗigo daga tanki a kan gini, zan turo bidiyon yadda muke jera shi da tazarar da ake bari, sauran kuma ya yi yadda ya saba, a ƙarshen kaka ya auna da idonsa. Ya nemi mutum biyar ko shida cikin maƙwabtan gonarsa su riƙa haɗa kaya a mota ɗaya. In ya yi kaka biyu a haka zuciyarsa tana nan kan tafiya, ya kira ni mu yi magana ni da shi, in gaya masa sauran abin da ban rubuta a nan ba.

Akwai wani ɗan Maraɗi da zai taho gida bayan Salla ya dawo, zan ba shi lambarka. Don Allah a haɗa mini kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yajin Inna, a ɗaure su sosai a leda biyu, kada a sa kilishi don ba a barin nama ya shigo. Ka gaishe da Baffa da Kawu da Malam na masallacin ƙofar gida. Ka ce wa Inna ina cin abinci, ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
ƙaninka,
daga San Isidro ta Nihar.